Ranar da aka yi gwanjon gidan da muke haya a Bronx, birnin New York

Ina kan layin ɗaukar fasinja a filin jirgin sama uwargida ta kira ni, muryarta na rawa. "Malam, ka baro aikin nan ka dawo gida, an kawo takardar kotu." Na tambaye ta sunan wa aka rubuta, ta ce ita dai ta ga adireshinmu, ta kuma ga wani suna Jon Do, ba ta san ko wane ne ba. Daga baya na fahimci cewa ni ne Jon Do ɗin. Haka lauyoyin banki suke kiran duk ɗan hayan da ba su san sunansa ba idan sun shigar da ƙara a kan gida.

Da na iso na tarar da ambulan a kan teburin cin abinci, ba wanda ya ƙara taɓa shi. A ciki akwai takarda guda ruwan ɗorawa, rubutunta manya da baƙin tawada, ta bambanta da sauran fararen takardun. Na karanta layin farko, na gane cewa banki ya kai mai gidanmu kotu saboda ya daina biyan bashin da aka jinginar da gidan a kansa, sai na ajiye. Ban ƙarasa karantawa ba. Da na daure na kai ƙarshen shafin a daren nan, da na hutar da kaina makonni uku na rashin barci, domin a jikin wannan takardar aka rubuta cewa ɗan haya yana da haƙƙin ci gaba da zama. Dokar jihar New York ce ta tilasta wa mai ƙara ya aika wa 'yan haya ita cikin kwana 10 da miƙa wa mai gida sammaci, kuma a kan takarda mai launi, don kada ta ɓace cikin tarin wasiƙu. Amma wanda ya ga tambarin kotu a ƙasar da ba tasa ba, idonsa ba ya ganin komai sai kayansa a bakin titi.

Gidan na jan bulo ne, hawa biyu da ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Mu ne a sama, ni da uwargida da yara uku, muna biyan dala 1,900 a wata. A ƙasa akwai wata dattijuwa 'yar ƙasar Dominika da jikarta. A ɗakin ƙarƙashin ƙasa kuma samari biyu ne 'yan Nijar, ɗaya daga Damagaram ɗaya daga Maraɗi, masu kai abinci a kan keke. Mai gidan ba ya zaune tare da mu. Dattijo ne ɗan uwanmu na Afirka ta Yamma, ya fi shekara 30 a Amurka, a sahun gaba yake sallah a masallacinmu, kuma kowa Alhaji yake ce masa. Lokacin da na kawo iyalina daga gida ba ni da tarihin bashi da masu gidaje suke dubawa, ba ni da mai tsaya mini, shi ne ya ba ni makulli ya ce, "Ɗana, shiga, mu nan duk ɗaya muke." Ban manta wannan ba, kuma ba zan manta ba. Shi ya sa shekara da shekaru nake miƙa masa kuɗin haya a ambulan bayan sallar Juma'a, ya sa a aljihun babbar riga, mu yi musabaha mu rabu. Ban taɓa neman rasit ba. Ta yaya zan dubi sa'an mahaifina in ce ya rubuta mini shaidar ya karɓi kuɗi?

Washegari na same shi a gida. Ya sa aka kawo shayi, ya karɓi takardar ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Kwantar da hankalinka, ɗana. Ɗan saɓani ne tsakanina da banki, lauyana yana kai. Kai dai ci gaba da yadda muka saba." Na ce to, Allah ya kawo sauƙi. Amma na lura bai haɗa ido da ni ba, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Kafin mako ya zagayo samarin nan biyu sun tattara. Da daddare na ji motsi, na sauko na tarar suna ɗaure katifa a kan motar wani abokinsu. Na ce ina zuwa haka? Babban ya ce, "Yaya, mu ba za mu jira 'yan sanda su zo ba. Ka san halin da muke ciki." Takardunsu na zama ba su gama fitowa ba, kuma wani ya gaya musu cewa in banki ya ƙwace gida, jami'an shige da fice ake turowa. Ba ni da abin da zan ce musu, domin ni ma ban san gaskiyar ba. Suka koma kwana a falon wani, su shida a ɗaki, suka bar wa Alhaji kuɗin ajiyarsu. Har yau idan na tuna raina yana ɓaci, saboda gidan bai bar hannun Alhaji ba sai bayan fiye da shekara biyu, kuma ko a ranar da ya bar hannunsa suna da sauran wata uku a kansa.

Ni kuwa shawarar da na yanke ita ce in daina biyan haya. Na ce tunda kuɗina ba ya isa banki, me zai sa in ci gaba da zubawa a rijiya? Abokan aikina direbobi duk sun goyi bayana. Uwargida ce ta ƙi. Tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu, kuma 'yar wata tsohuwa da take kula da ita ta gaya mata a kira lamba 311 a nemi sashen taimakon 'yan haya. Na kira ina jan ƙafa. Suka haɗa ni da wata ƙungiyar lauyoyi da ke taimakon masu ƙaramin ƙarfi kyauta, aka ba ni rana.

Lauyar matashiya ce, ba ta kai ƙanwata ta uku ba, amma zaman awa ɗaya da na yi da ita ya sauya komai. Kafin ta yi wani bayani sai da ta yi mini tambayoyi uku. Shin ni ɗan mai gidan ne, ko mahaifinsa, ko akwai aure tsakanina da shi? Na ce a'a, ɗana yake ce mini amma ba jini. Ta ce to kada in yarda kalmar nan ta shiga wata takarda. Shin hayar ta gaskiya ce, an yi ciniki kamar yadda baƙo da baƙo za su yi? Na ce ƙwarai. Shin abin da nake biya ya yi kusa da farashin unguwa, ko an yi mini ragi mai yawa don sanayya? Ta duba kwamfuta ta ce 1,900 ya yi daidai.

Sannan ta faɗa mini dalilin tambayoyin. A da, a yawancin jihohin Amurka, da zarar an sayar da gidan jingina yarjejeniyar ɗan haya ta mutu tare da mallakar mai gidan. Lokacin rikicin bashin gidaje na 2008 iyalai da yawa da ba su taɓa fashin biyan haya ba sun wayi gari ana buga musu ƙofa. Wannan ya sa majalisar tarayya ta yi dokar kare 'yan haya a gidajen da banki ya ƙwace, Shugaba Obama ya sa mata hannu a watan Mayun 2009. Wa'adinta ya ƙare a ƙarshen 2014, sannan aka dawo da ita a 2018 ba tare da wa'adi ba. Abin da ta ce a taƙaice shi ne, wanda ya sayi gidan ya gaji ɗan hayan da ke ciki. In kana da rubutacciyar yarjejeniya, za ka zauna har ta ƙare, a kan kuɗin da aka rubuta. In ba ka da ita, wata-wata kake biya, dole a ba ka notis na kwana 90. Hanya ɗaya da mai saye zai katse yarjejeniyar ita ce idan shi da kansa zai tare a ɗakin ya zama mazauninsa, kuma ko a nan sai ya ba da kwana 90 ɗin. Amma duk wannan ga ɗan haya na gaskiya ne, shi ya sa ta fara da tambayoyin nan uku. Jihar New York tana da tata dokar mai kama da wannan, wadda ta amince har da yarjejeniyar baka. Na tambaye ta batun samarin da suka gudu, ta ce haƙƙin ɗan haya bai rataya a kan takardun zama ba.

Ta ƙara da cewa da a ce a babban bene nake, irin tsofaffin nan masu ɗaki shida ko fiye da aka gina kafin 1974, waɗanda gwamnati ke ƙayyade ƙarin hayarsu, da sayar da gidan ba zai taɓa ni ba ko kaɗan. Namu ƙarami ne, ba ya cikinsu.

Da na kawo maganar daina biya, ta girgiza kai. Ta ce shigar da ƙara ba sayarwa ba ne. A New York banki ba ya ƙwace gida da kansa, sai alƙali ya yanke hukunci, kuma shari'ar tana iya ɗaukar shekaru. Har ranar da za a miƙa takardar mallaka ga wani, Alhaji ne mai gida, kuma in na daina biya yana da ikon kai ni kotun gidaje a kan bashin haya, in rasa kariyar da nake da ita da hannuna. Abu ɗaya ne zai sa in juya kuɗin wani wuri: idan kotu ta naɗa mai karɓar haya, kuma na ga umarnin alƙali a rubuce. Sai ta ce, "Ina rasit ɗinka?" Na yi shiru. Ta ce ina yarjejeniyar? Wannan kam akwai, shafi biyu ne da Alhaji ya sayo a shagon kayan rubutu muka cike da biro, tana ƙasan akwatin uwargida tare da takardar aurenmu. Ta ce daga yau ba sauran ambulan. In je gidan waya in sayi moni oda, wato takardar biyan kuɗi, da sunansa, in rubuta watan da adireshin a jiki, in ajiye guntun. In ya nace sai tsabar kuɗi, doka ta wajabta masa ba ni rasit.

Juma'ar da na fara miƙa masa moni oda ta yi mini nauyi fiye da yadda zan iya faɗa. Ya dubi takardar, ya dube ni, ya ce, "Yau kuma ni ne ba a yarda da ni ba?" Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ba rashin yarda ba ne, yara nake dubawa." Bai amsa ba. Wata biyu in na gaishe shi da ka kawai yake amsawa.

Bayan kusan shekara yarjejeniyarmu ta zo ƙarewa, shari'a kuma ba ta ko kusa ba. Lauyar ta ce in nemi sabuwa a rubuce, domin dokar tarayya tana lissafi ne daga ranar da mallaka ta koma hannun mai saye, duk yarjejeniyar gaskiya da aka ƙulla kafin wannan ranar tana da ƙarfi. Na je wurin Alhaji, shi kuma ya zo mini da tasa shawarar. Ya ce zai rage mini haya zuwa 1,200, in dai zan ba shi na wata shida a dunƙule, tsaba. Ba zan ɓoye ba, raina ya biya. Ragin 700 a wata ba wasa ba ne ga mai tuƙin haya da ke aika kuɗi gida. Na kwana ina lissafi. Da safe na kira lauyar, ta ce kada in kuskura. Hayar da ta faɗi ƙasa da farashin unguwa sosai ita ce abu na farko da lauyan mai saye zai kama ya ce yarjejeniyar haɗin baki ce, kuma kuɗin da na biya gaba babu tabbacin sabon mai gida zai yarda da su. Na koma na ce wa Alhaji a bar shi a 1,900, shekara biyu, wata-wata. Ya sa hannu ba da son ransa ba. A ranar na ga hannunsa yana rawa, na kuma fara gane cewa mutumin nan ba mugunta ce ta kai shi ba, nutsewa yake yi, yana kama duk abin da ya samu.

Sanyin shekarar da ta biyo shi ne mafi wuya. Wata ranar Janairu da asuba muka tashi gidan kamar cikin firji, ƙarfen ɗumama ɗaki ya yi sanyi ƙalau, ruwan famfo ba ya taɓuwa. Autarmu tana da asma. Na kira Alhaji sau bakwai bai ɗauka ba. Uwargida ta dafa ruwa a manyan tukwane biyu na tuwo, da shi yara suka yi wanka, muka haɗa su a gado ɗaya da duk bargunan gidan. Dattijuwar ƙasa ta hawo da hannu tana nuna mini numfashinta da ke fita kamar hayaƙi a cikin falonta. A birnin New York daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu dole mai gida ya ɗumama ɗaki: da rana ya kai 68 a ma'aunin Amurka, wato kusan 20 a namu, in sanyin waje ya sauka ƙasa da 55, da dare kuma 62 ko yaya waje yake. Kasancewar gida a kotu bai ɗauke wannan ba. Na sake kiran 311, ni da dattijuwar kowa ya shigar da ƙorafinsa, aka ba mu lamba. Mai duba gidaje na hukumar birni ya zo da ma'auninsa ya rubuta laifi a kan gidan. A rana ta huɗu aka gyara tukunyar da ke ɗumama gidan. Lambar ƙorafin nan ma na ajiye ta a jakar da na ware, tare da guntayen moni oda, waɗanda a lokacin sun fara kauri har na ɗaure su da roba.

Daga nan sai jira. Lauyar ta koya mini yadda zan duba shari'ar a shafin intanet na kotunan jiha da lambar ƙarar, na riƙa dubawa duk daren Lahadi. Watanni ba motsi, sai rana ɗaya na ga alƙali ya yanke hukuncin sayarwa, ya naɗa wani lauya ya gudanar da gwanjo. Rafali suke kiransa, kamar na ƙwallo.

Ba wanda ya ce dole in je, amma na ajiye mota na tafi. Babbar kotun Bronx tana lamba 851 a titin Grand Concourse, ɗan tafiya kaɗan daga filin wasan Yankee, ƙaton gini na farin dutse. Na zaci zan ga alƙali da shaidu. Abin da na gani mutane ne kamar talatin, yawancinsu sun san juna, kowa da jakar takardu da cekin banki a aljihu, suna hira suna shan kofi. Rafali ya miƙe ya karanta adireshinmu da sharuɗɗan sayarwa da sauri, ya ce wanda ya ci zai ajiye kashi 10 cikin 100 nan take. Lauyan banki ya buɗe farashi, mutum uku suka yi ta ɗagawa, biyu suka janye. Ban jin an kai minti biyar. Ɗakin da aka yi sunan autata, tagar da uwargida ke shanya daddawa a bakinta, duk sun wuce hannun wani mai jar hular sanyi da bai taɓa taka matakalarmu ba. Na duba ko'ina ban ga Alhaji ba. Na fito na zauna a kan matakalar kotun na daɗe kafin ƙafata ta ɗauke ni.

Kwana tara bayan haka, da magariba, aka buga ƙofa. Wani mutum ne da kati a wuya, ya ce shi wakilin kamfanin da ya sayi gidan ne. Ya yi fara'a, ya tambayi yara, sannan ya ce kamfani yana so ya gyara gidan, don haka zai ba mu dala 3,000 a hannu in muka miƙa makulli cikin mako biyu. In ba haka ba, in ji shi, abin zai koma hannun lauyoyi, kuma sunana zai ɓaci a wurin masu gidaje. Ya fito da takarda da biro. Uwargida tana bayana, ta ce da Hausa a hankali, "Malam, kada ka taɓa biron nan." Na ce masa ya bar takardar zan nuna wa lauyata. Da ya ji kalmar lauya sai fara'ar ta ragu. Washegari muka tarar an manna wata a ƙofar waje, wai duk wanda ke cikin gidan ya fita cikin kwana 10.

Na ɗauki hotonta na aika. Lauyar ta kira ni kafin azahar. Ta ce notis na kwana 10 ana ba wa tsohon mai gida ne da wanda ba ɗan haya na gaskiya ba, ba irina ba. Ta ce cin gwanjo ma bai mai da mutum mai gida ba sai rafali ya miƙa masa takardar mallaka, in shiga rumbun rajistar filaye na birni da ake kira ACRIS, kyauta ne, in sa adireshin in ga ko sunan ya sauya. Na duba, sunan Alhaji ne har lokacin. Ta kuma jaddada mini abin da nake so duk ɗan uwanmu da ke haya a birnin nan ya riƙe: ba mai gida, ba banki, ba wakili da ke da ikon fitar da kai. Sai an kai ka kotun gidaje, wadda tamu take lamba 1118 a kan wannan titin na Grand Concourse, alƙali ya ba da waranti, sannan mashal ko sharif, wato jami'in da ke zartar da hukuncin kotu, ya kawo maka notis na kwana 14. Wanda ya canza maka makulli, ko ya yanke wuta ko ruwa, ko ya fitar da kayanka don ya kore ka, laifi ya aikata, ka kira 'yan sanda. In har abin ya kai kotu, tun 2017 birnin ya yi dokar ba masu ƙaramin ƙarfi lauya kyauta a shari'ar kora, kuma kotu tana ba da tafinta ba tare da ka biya ba.

Batun 3,000 ɗin kuwa, ba ta ce haramun ne ba. Ta ce ciniki ne, wani yana iya amfana da shi in dama yana shirin tashi, in dai an rubuta komai kuma kuɗi ya shiga hannu kafin makulli ya fita. Sai ta ce in lissafa. Sabon gida a lokacin yana nufin hayar wata ɗaya, ajiyar wata ɗaya, la'adar dillali, motar kwashe kaya, ga masu gidaje da ke neman abin da kake samu a shekara ya ninka haya sau 40. Kuɗin ba za su kai ko rabi ba, yara kuma suna tsakiyar zangon karatu. Ta rubuta wa kamfanin wasiƙa shafi ɗaya, ta haɗa da kwafin yarjejeniyar da hoton guntayen moni oda wata 28 a jere. Na aika ta gidan waya, irin wadda sai an sa hannu a karɓa.

Hayar watan da ya faɗa tsakani ban ba kowa ba, bisa shawararta. Na sayi moni oda na ajiye a jaka, ban rubuta suna ba, har sai da sunan kamfanin ya bayyana a rajista. Bayan nan wasiƙarsu ta zo, wannan karon da harshe mai laushi, ɗauke da suna da adireshin da za a riƙa biya, da amincewa cewa za mu zauna har ƙarshen yarjejeniya. Saura wata bakwai. Kamfani ne, ba zai ce zai tare a ɗakin ba. Dattijuwar ƙasa ba ta da komai a rubuce, amma na kai ta wurin lauyar da jikarta tana fassara, ta samu kwana 90 ɗinta cif, ta kuma karɓi kuɗin makulli da ya fi wanda aka fara yi mata tayi, da yake dama tana son komawa wurin ɗanta.

Wata bakwai ɗin nan ne suka ba mu damar neman gida a natse. Mun duba tara kafin mu samu wanda muke ciki yanzu, tasha uku daga tsohon, yara ba su canza makaranta ba. Sabon mai gidan ya nemi shaidar biyan haya, na zube masa damin guntayen nan a kan tebur.

Abin da ya rage shi ne kuɗin ajiyata, 1,900 da na ba Alhaji ranar da muka shiga. Doka ta ce kuɗin ajiya amana ce a hannun mai gida, ba nasa ba ne, kuma in gida ya sauya hannu ya kamata ya miƙa su ga sabon mai shi ya sanar da ɗan haya. Kamfanin ya rubuto cewa ko sisi bai karɓa ba. Lauyar ta ce hanya mafi sauƙi ita ce ƙaramar kotun da ke sauraron ƙarar da ba ta wuce dala 10,000 ba, ba a buƙatar lauya, kuma yarjejeniyar farko ta nuna ya karɓa. Na karɓo fom na cike. Ya yi mako uku a aljihun ƙofar mota ban shigar ba.

A ƙarshe wurin liman na je. Na ce, "Allah gafarta Malam, ina da haƙƙi a hannun Alhaji, ga takarda, amma ba na so in tsaya da shi gaban alƙali." Ya kira mu bayan isha'i a ɗan ofishinsa na bayan masallaci. Alhaji ya shigo ya rame, rigar ta yi masa yawa. Nan na ji abin da bai taɓa faɗa mini ba: shagonsa ya rufe, ya ci bashi na biyu a kan gidan don jinyar matarsa, kuma kuɗin ajiyarmu duka, nawa da na dattijuwar da na samarin, sun tafi tun shekarar farko. Ya ce, "Ɗana, na ci amanarka, kunya ce ta hana ni gaya maka." Liman ya ce to a rubuta. Ya yago takarda daga littafin masallaci, aka rubuta 100 duk wata, ni da Alhaji muka sa hannu, shi da ladan suka shaida. Na roƙi a ƙara layi ɗaya, cewa in an gama nawa a ci gaba da na samarin nan biyu, domin ina da lambar babban. Alhaji ya ce a rubuta.

Ya biya wata goma sha ɗaya zuwa yanzu, ya tsallake biyu. Ranar Juma'ar farkon wata yake ba ladan, ladan ya ba ni, in sa hannu a bayan takardar.